Taku Takwas Tsakanin Mangwaro Biyu

Daga Allah muka fito, kuma komai nisan tafiya gare shi za mu koma. Kakana, mahaifin babana, ya riga mu komawa ranar wata Talata da hantsi, a daidai lokacin da mangwaro ya fara nuna a Keffi. Yana kishingiɗe a kujerarsa ta zaure, rediyo na magana a cinyarsa. Ba wanda ya san shekarunsa daidai. Shi kansa cewa yake ya daina ƙirga tun da ya wuce casa'in, wai alƙalin wasa ne ya manta bai busa tashi ba.

Na zaci dangi da maƙwabta ne kawai za su zo, tunda sa'o'insa duk sun daɗe a ƙasa. Sai ga layinmu ya cika har an ƙaro rumfa. Ina kai ruwa bakin zaure ina jin abin da masu gaisuwa ke faɗa. Wani direba ya taso daga Gitata, wani tsohon hedimasta daga Panda. Wani Alhaji mai shagon siminti, ƙato mai furfura, ya zauna ya ce wa baffana, "Ya haƙuri?" sai kuka ya ƙwace masa. Da ya samu numfashi ya ce, "Wallahi shi ya koya mini faɗuwa."

Mutane suka dube shi.

"Faɗuwa mana! Yadda za ka yi tsalle ka kama tamaula ka sauka a kafaɗa ba ka karya hannu ba. Bara na zame a banɗaki, da wannan tumbin nawa, ko ƙwarzane ban yi ba."

Aka yi dariya a wurin makoki, dariyar da ake yi ana share ido. Can kuma wasu tsofaffin sojoji uku suka iso da hulunansu na mazan jiya, suka jeru a gaban tabarma suka sara wa kujerar da babu kowa a kanta. Liman ya sunkuyar da kai kamar bai gani ba, ya bari suka gama, sannan ya ce a yi fatiha.

Ranar addu'ar uku ce wata tsohuwa ta sauko daga bayan babur a ƙofar gidanmu. Gajeriya ce, ta ɗaura ɗankwali irin na matan coci, tana dogara sanda. Ta yi sallama da Hausar da ake jin wani harshe a ƙarƙashinta, ta ce daga Agwada take. Da jin sunan garin, hirar tsakar gida ta mutu. Goggo, ƙanwar Baffa, ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce a hankali, "To. Ta zo ke nan."

A duk gidan ni kaɗai na san ainihin ko wace ce. Saboda ita, da kuma abin da ya kusa faruwa da sunan kakana a ranar, na zauna rubuta wannan.

Abin da aka fi sanin Kaka da shi hannayensa ne. Faffaɗa ne kamar faifai, kuma ɗan yatsansa manuni a hannun dama ya karkace, ba ya miƙewa ko a tahiya. Yana saurayi aka ɗauke shi soja, aka haye da su teku zuwa yaƙin Bama. Da ya dawo sai ya zama mai tsaron gida, da farko a ƙungiyar wani kamfanin haƙar kuza a Jos, daga baya a Kaduna. A takarda masinja ne, amma ya ce bai taɓa kai wasiƙa ko ɗaya ba. Aikinsa ya tsaya a bakin raga ranar Asabar, ƙafa ba takalmi, jama'a na ihu. Labarin tamaula ba ya ƙare masa. Labarin yaƙi kuwa, in ka tambaye shi, sai ya ce, "Akwai ruwan sama da sauro," ya kunna rediyo.

Ni jika ce, saboda haka tsakanina da shi babu shamaki. Amarya yake kirana.

"Amarya, yau ma ba a kawo wa ango fura ba?"

"Tsoho, ni fa na fasa. Ba zan auri mai haƙori uku ba."

"Huɗu ne. Duk karatun naki ba ki iya ƙirga ba?"

In ana nuna wasa a talabijin ba ya kallon masu zura ƙwallo, gola kawai yake kallo, yana yi masa faɗa kamar yana jinsa. "Ina za ka? Koma gidanka! Wa ya aike ka?" Ya tsani golan da in an ci shi yake tsayawa yana nuna 'yan baya da yatsa. Yakan ce, "Wanda aka ci, shi ke shiga raga ya ɗauko ƙwallo da kansa." Wannan maganar ya yi mana ita a kan komai: a kan faɗuwa jarrabawa, a kan tuwon da ya ƙone, a kan saɓanin miji da mata. Ƙarƙashin kujerarsa kullum akwai basilla da zare. Duk ƙwallon da ya fashe a unguwa wurinsa ake kawowa, ya ɗinke yana mita, wai ƙwallayen yanzu leda ce aka hura.

A bayan gidanmu akwai fili, a ƙarshen filin akwai bishiyoyin mangwaro biyu. Shi ya shuka su tun wurin yana daji, kafin gari ya zagaye shi. Tsakaninsu taku takwas ne, faɗin raga daidai. Sun tsufa har rassansu sun haɗe a sama, suka zama kamar sandar da ke kan raga, sai dai wannan tana fure. Ina ƙarama nakan kwanta a ƙarƙashinsu da rana ina kallon haske na ɗigowa ta cikin ganye, ina jin kamar wasu tsofaffi biyu ne suka dafa kafaɗun juna suna hira. A tsakanin bishiyoyin nan aka koya wa rabin mazan unguwarmu faɗuwa.

A kan filin ne kuma aka yi faɗa ɗaya tilo da na sani tsakanin Kaka da Baffa.

Baffa shi ne ɗan fari. A gidajenmu na da, uba yana jin kunyar ɗan farinsa: ba ya kiran sunansa, ba ya zama hira da shi. Kaka ya riƙe wannan fiye da kowa. "Wancan" yake ce masa. "Ku gaya wa wancan ana sallama." Suna zaune a zaure ɗaya, amma sai dai saƙo ya bi ta bakin babana. Marigayiya Inna, kakata mace, ita ma haka ta yi da shi har ta bar duniya. Baffa ya girma, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ya zama mutum mai tsari da ƙarancin magana, kuma bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba.

Da ɗalibai suka cika Keffi, kowa ya shiga gina ɗakunan haya, Baffa ya aiko babana ya gaya wa Kaka cewa filin nan zaman banza yake yi, a sare bishiyoyin a yi gini iyali su amfana. Ba mugun nufi ba ne, gidanmu akwai marayu da zawarawa. Kaka ya ce, "Gaya wa wancan, in na mutu ya fara sare ni, sannan ya sare su." Baffa, wanda bai taɓa ɗaga murya a zauren ba, ya juya ga babana ya ce, "Gaya masa na san don wa ake ajiye su." Duk azumin wannan shekarar ba su sha ruwa a tabarma ɗaya ba.

Ga abin da Baffa yake nufi. Kowace shekara, in mangwaro ya nuna, ba mai taɓa bishiyar hagu sai Kaka ya cika kwando da nunan farko ya kai Agwada. Da keke yake zuwa, daga baya a mota, da ƙarfi ya ƙare kuma sai ya ba direba saƙo. Ba ya cewa wurin wa. Goggo ta gaya mini cewa Baffa yana ɗan makaranta ya taɓa bin sa a ɓoye, ya ga wata budurwa ta fito da gudu ta durƙusa tana kiran mahaifinsa Baba. Ya dawo bai gaya wa kowa ba sai ƙanwarsa. Ɗa ba ya tambayar ubansa irin wannan, balle ɗan fari. Haka maganar ta kwanta a gidanmu fiye da shekara hamsin, ba a faɗa, ba a mantawa: wai tsoho yana da 'ya a waje.

Shekara biyu kafin rasuwarsa, bayan na gama jami'a ina zaman jiran aiki, na fara ɗaukar hirarsa a wayata don kada labaran tamaula su tafi da shi. Wata rana bayan la'asar muna ƙarƙashin mangwaro, na kama karkataccen yatsan nan ina tsokanarsa.

"Angona, wane ɗan wasa ne ya yi maka wannan? A Jos ko a Kaduna?"

Ya daɗe yana kallon yatsan. Sannan ya ce, "Kunna abin naki."

Ya ce a Bama yana da aboki, Kirista, mutumin Agwada. Cikin dubban sojoji su biyu ne suka san kasuwa ɗaya da rafi ɗaya, sai suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Na-Agwada yake kiransa. In an sami kwana biyu ba harbi, sukan dunƙule tsummokaran kaki su ɗaure da igiya su yi ƙwallo. Na-Agwada ƙafarsa kamar guduma. Wata rana ya buga, Kaka ya tare, yatsa ya goce. Washegari Kaka ne ke cikin waɗanda za su je rafi ɗebo ruwa. Abokin ya dubi hannun da ya kumbura ya ce, "Zauna, gola. Ni na ɓata hannun, ni zan ɗauki garwar." Ya tafi yana dariya. Abokan gaba na kwance a bakin rafin.

"Da hannu ɗaya na taya haƙa kabarinsa," in ji Kaka. "Layina ne, Amarya. Sunana aka kira."

Abokin ya bar matarsa da ciki a gida. Da aka sallame su, Kaka bai fara zuwa Keffi ba, Agwada ya nufa a ƙafa ya kai labari. Ya tarar an haifi yarinya har ta fara gudu. Gidan ba su da abin ba baƙo, sai kakar yarinyar ta miƙa masa mangwaro biyu. Ya sha a hanya yana kuka, ya kasa yar da ƙwallayen mangwaron, ya zo da su gida a aljihu ya shuka. Na dama nasa, na hagu na abokinsa.

"Inna ta sani?"

"Ita ke wanke kwandon."

"To Baffa fa? Kaka, ka san abin da yake zato kuwa?"

"Na sani. Gola ido yake karantawa." Ya dubi bishiyar hagu. "Ta yaya zan zaunar da wancan in ce masa, ubanka na raye ne saboda yatsa ɗaya, uban wata kuma yana ƙarƙashin ƙasar da ba wanda zai je ziyara? Na yi niyya ya fi sau ɗari. In na buɗe baki sai kunya ta riga ni."

Daga nan ya matso da bakinsa kusa da wayar, ya yi wata 'yar magana da ba ni yake yi wa ba. Da ya gama ya ce kada in kunna wa kowa sai bayan ransa. "In na tafi, ƙwallo na hannunki. Kada ki tsaya nuna wani da yatsa."

To ga shi ya tafi, ga tsohuwar Agwada a tsakar gidanmu. Aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗakin Goggo, aka gaishe ta gaisuwar da ba ta wuce leɓe. Ni ina tsaye bakin madafa, wayar tana cikin hijabina kamar garwashi. Na yi ta gaya wa kaina ba yau ba, a bari a yi bakwai, a bari baƙi su watse. Ni ce ƙaramar jika mace a ɗakinmu. Ban taɓa yi wa Baffa magana da ta wuce gaisuwa ba.

Sai Baffa ya shigo daga zaure. Bai dubi tsohuwar ba. Ya ce wa babana, da muryar da kowa zai ji, "A gaya wa baƙuwa ta yi haƙuri. Ba a maganar gado sai an yi arba'in."

Tsohuwar ta ɗago kai. "Gado? Ni ban zo karɓan komai ba, ɗan'uwana. Na zo gaisuwan Babana ne."

Kalmar ta faɗi a tsakar gida kamar tasa. Wata daga cikin matan ta ja tsaki. Tsohuwar ta dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, na ga lokacin da ta gane abin da ake zato. Ta laluɓo sandarta ta fara miƙewa. Na san in ta fita ƙofar nan a haka, ita ta tafi da wulaƙanci, Kaka ya kwanta da tabon da ba nasa ba, bishiyoyin kuma ba za su ga wata damina ba.

Ban san lokacin da na isa gaban Baffa na durƙusa ba. Mahaifiyata na kirana ƙasa-ƙasa, ban juya ba.

"Baffa, Kaka ya bar maka saƙo a wurina."

"Ni?"

"Kai. Ya ce sai bayan ransa."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Goggo ce ta cece ni, ta ce, "Yaya, jikarsa ce. Abin da bai gaya mana ba ita ya gaya mata. Zauna." Aka turo masa kujera 'yar tsugunno, ya zauna, na kunna.

Muryar Kaka ta cika gidan, da tarinsa da kukan kurciyoyin da ke kan mangwaro a ranar. Aka ji rafin, aka ji garwar, aka ji mangwaro biyu. Tsohuwar ta koma ta zauna tana gyaɗa kai, don ita ta san labarin tun tana yarinya, ta kuma ɗauka duk gidanmu an sani. Baffa bai motsa ba, idonsa na ƙasa. Har aka zo wurin da Kaka ya matso kusa da wayar.

Ya kira sunan Baffa. Sunansa na yanka, cikakke, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da ya daɗe yana ajiya. Ya sake kira. Sannan ya ce, "Ni aka ci, ni ya kamata in ɗauko, ban ɗauko ba. Ka yafe mini. Yayarka ce ta amana, ba ta jini ba. Ka riƙe ta."

Dattijo mai shekara saba'in ya sa hannu biyu ya rufe fuskarsa. Can ya ce, ba tare da ya buɗe fuskar ba, "Mayar da shi baya." Na tambaye shi daga farkon labarin? Ya girgiza kai. "Wurin sunan." Sau uku na mayar.

Tsohuwar ce ta fara magana. Ta ce, "Kowace shekara in ya kawo, sai ya ce, ga na babanki, itacen hagu. Ni ban san fuskar babana ba. Ɗanɗanonsa na sani." Ta dubi Baffa ta ƙara da cewa, "Kai ne wancan? Kullum yana labarinka. Wancan ya ci jarrabawa, wancan ya samu girma a ofis. Na ce Baba, yaron nan ba shi da suna ne?"

Goggo ta fashe da dariya tana kuka. Baffa ya sauko daga kujerar ya durƙusa a gaban tabarmar, ya ce, "Yaya, ki gafarce ni. Ya haƙurinmu?" Ta ɗora hannu a kan hularsa.

Ba zan ce komai ya warware a ranar ba. Har yanzu ba a gama maganar rabon gado ba, kuma marayun gidanmu na nan da buƙatunsu. Abin da na sani shi ne Baffa ya gaya wa 'yan uwansa, in an zo rabo, a ba shi ɓangaren bishiyoyin a kasonsa ko da ya fi kowane ƙanƙanta, a yi gini a ɗaya gefen.

Ranar addu'ar bakwai da safe na leƙa bayan gida na gan shi shi kaɗai. Ya tuɓe takalmi, ya jingina bayansa da bishiyar dama, ya taka zuwa ta hagu yana ƙirgawa. Da ya hango ni ya ɗan ji kunya.

"Tara na samu," ya ce.

"Ƙafarsa ta fi taka tsawo, Baffa."

Ya yi murmushi, ya ce in ɗauko kwandon Inna da gorar tsinko. Shi ya tsinko da kansa, babbar riga na saƙalewa a reshe, ni ina tarewa, biyu suka kuɓuce mini suka fashe. Ya ce, "Jikar gola ke nan?" Da kwandon ya cika, babana ya fito ya ce a kira direban da ya saba kaiwa. Baffa ya ɗaga kwandon ya ɗora a kafaɗa.

"A'a," ya ce. "Ni aka ci."

Allah ya jiƙan Kaka, ya yalwata masa makwanci, ya sa tsawon ransa ya zama hujja gare shi ba a kansa ba. Allah ya saka wa wanda ya ɗauki garwa a madadinsa, ya raya zuriyarsa. Mu kuma in an busa mana tashi, ya sa mu cika da kyau.

Na bi Baffa har bakin titi ina riƙe masa takalmansa, don ya manta bai saka ba.